Zumuncin marubuta a Madawa, Buza da Keita: abin da aka gada da abin da ya rage a yi

Ga cikakken jawabin da aka gabatar a wani zaman tattaunawa da ya haɗa malaman makaranta, ƴan kasuwa, ma'aikata da masu sha'awar rubutu na gundumomin Madawa, Buza da Keita.

 

Duk wanda ya san garuruwan nan uku ya san ba a rasa masu rubutu a cikinsu ba. Akwai mushen lakwal da ya cika kaye biyu ko uku da labari cikin Faransanci, ya ajiye a ƙasan akwati yana jiran ranar da zai je Yamai ya gamu da wani babba. Akwai malamin zaure da yake tsara waƙar wa'azi da ajami, almajiransa su hardace, takardar kuwa ta tsufa cikin gafaka. Akwai matar aure da ta koyi boko a ajin yaƙi da jahilci ko a littattafan Kano, take rubuta nata labarin da dare bayan yara sun yi barci. Mutanen nan uku suna iya zama a unguwa ɗaya, su sayi goro a tebur ɗaya, su yi jana'iza tare, amma babu wanda ya taɓa karanta shafi ɗaya na ɗan'uwansa. Mai Faransanci yana ganin mai ajami bai waye ba, mai ajami yana ganin mai boko ɗan tatsuniya ne, ita kuwa matar ba ta ma yarda a san tana rubutu ba. Wannan rarrabuwa ita ce abin da ya tara jama'a yau.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin da hukumomin ƙasa suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi murna a wasu wurare, an yi gunaguni a wasu. Sai dai doka ba ta rubuta littafi. Idan gobe aka ce yaron Buza ya yi karatu da harshen uwarsa, me za a ɗora masa a hannu bayan littafin koyon baƙaƙe? Idan ba a samu waɗanda za su rubuta masa tarihin Adar, da labarin fataucin albasa, da rayuwar ƴan ci-rani a Abijan ba, to zai karanta abin da wasu suka rubuta game da wasu wurare, kamar dai yadda ubansa ya yi, illa harshen ne kawai ya sauya.

Taimakon juna tsakanin masu alƙalami ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan da za a ce sai an aro shi daga Turai. A Maratta, can wajen Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Malaminsa da ya fi tasiri a kansa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a wannan yanki ya ƙare kwanakinsa, masana tarihi kuma suna nuna kabarinsa kusa da Madawa. Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi a tarihin wannan gida shi ne yadda suka yi aikin. Shehu yana rubutu, ƙanensa Abdullahi yana rubutu, ɗansa Muhammadu Bello yana rubutu, kowa yana karanta na kowa, yana yi masa sharhi, wani lokaci ma yana saɓa masa a fili, domin Abdullahi bai ɓoye inda ra'ayinsa ya bambanta ba. Waƙar nan Tabbat Haƙiƙa, Shehu ya tsara ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Mutum uku a kan waƙa ɗaya, kuma da wuya a ce da ta kai kunnen Bahaushen ƙauye ba don hannu na biyu da na uku ba. Nana Asma'u ba ta tsaya nan ba: ta naɗa jajis, mata masu zuwa daga ƙauyuka su karɓi waƙoƙi su koma su koyar, abin da aka sani da Ƴan Taru, ya kuma ci gaba bayan rasuwarta a 1864. Babu injin ɗab'i, babu ma'aikatar al'adu. Masu kwafa da hannu da masu hardacewa su ne maɗaba'ar.

Zamanin boko ma Madawa tana da nata kaso. Bayan samun ƴancin kai, hukumar yaƙi da jahilci ta kafa ƙananan jaridun karkara da harsunan ƙasa, domin wanda ya koyi karatu ya samu abin karantawa kada ya manta. A cikinsu akwai Sabon Ra'ayi ta Madawa, wadda ta fara fita a shekarun 1960, ana buga ta da injin roneyo, da irin rubutun lokacin mai ninka wasula, kafin a daidaita ƙa'idar da aka tabbatar a 1999. Takarda ce mai sauƙi, tawadarta tana kama yatsa, amma manomi yana ganin maganar gonarsa a rubuce, wani lokaci har da wasiƙarsa. Ina take yau? Irin waɗannan jaridu sun rayu ne da kuɗin hukuma da na masu ba da agaji. Da kuɗin ya yanke sai fitowarsu ta zama jefi-jefi, daga nan aka daina ganin su. Waɗanda suke rubutu a ciki ba su da wata ƙungiya tasu da za ta ce a tara dala-dala a sayi takarda a ci gaba. Haka ya faru daga baya da maɗaba'ar Albasa ta Yamai, wadda ta fitar da littattafai masu kyau da harsunan ƙasa a farkon shekarun 2000 da tallafin Jamus: aikin ya tafi daidai muddin furojen yana nan. Ba laifi ne ake ɗora wa waɗanda suka taimaka ba. Sun yi nasu. Amma abin da aka kawo wa marubuci daga sama, ranar da mai kawowa ya naɗe tabarmarsa da shi yake tafiya.

Manya daga cikin masu saurare suna tune da shekarun da baki ya buɗe. Haske ta fito a 1990, Le Républicain ta Maman Abou a 1991, babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na wannan shekara ƙarƙashin jagorancin André Salifou, wanda shi kansa marubucin wasan kwaikwayo ne kuma masanin tarihi. An ɗauka lokacin marubuta ya zo. Sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, takarda da tawada da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsada, ma'aikata kuma, waɗanda su ne masu sayen jarida da littafi, suna bin bashin albashin watanni. Wanda yake lissafin tiyar hatsi ba ya sayen littafi. Kusan duk jaridun nan kuwa da Faransanci suke, a Yamai ake buga su, a Yamai ake sayar da mafi yawansu. Abin da yake isowa Keita sai wanda direba ya riƙo, ya kwana huɗu, mutum goma su karanta kwafi ɗaya.

Rayuwar Abdoulaye Mamani ta isa misali game da kaɗaicin marubucin ƙasar nan. Ɗan Sawaba ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, ya dawo bayan juyin mulkin 1974, aka ɗaure shi. Littafinsa Sarraounia a Paris aka buga shi a 1980. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a Burkina Faso aka ɗauka, a can kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Shi kuwa marubucin, a 1993 ya rasu cikin haɗarin mota a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai, inda zai karɓi kyautar Boubou Hama. Labarin sarauniyar Lugu ne, labarin Hausawa, amma sai da ya ƙetare teku ya dawo kafin ƴan ƙasarsa su riƙe shi a hannu, waɗanda suka iya Faransanci ke nan.

A daidai waɗannan shekaru, a ƙetaren iyaka, wasu mutane da ba su kai Mamani karatu ba suka bi wata hanya, kuma a nan ya kamata a daɗe. Tattalin arzikin Najeriya ya shiga wahala a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i irin NNPC ta Zariya suka koma kan littattafan makaranta, saurayi ko matar aure mai sabon labari ba su da ƙofar shiga. Da yawa daga cikin masu son rubutun a ajin manya suka yi karatu. Ado Ahmad Gidan Dabino yana cikinsu, haka Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Maimakon su jira, sai suka haɗu da irin su Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴan Gurasa suka kafa ƙungiyar Raina Kama a Kano. Sunan ma amsa ce ga masu ganin ba su isa ba.

Me ƙungiyar take yi wa ɗanta? Abubuwa ne ƙanana, irin waɗanda ɗan kasuwa zai gane nan take. Sabon marubuci yana kawo rubutunsa a duba masa. Ana nuna masa wurin da za a buga da rahusa, da mai zanen bango, da ɗan kasuwar da zai karɓi kaya. Tambarin ƙungiya yana kan littafin, a ciki kuma ana jera sunayen littattafan sauran ƴan ƙungiya, wanda ya fito da wanda ke tafe, har da hotonsu tare. Ma'ana, duk wanda littafinsa ya samu kasuwa yana jan na ƴan'uwansa a baya. Lokacin da In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya karɓu a farkon shekarun 1990, duk kwafin da aka saya talla ne ga marubutan da ba a san su ba tukuna. Ƴan kasuwar littafi su ma suka shigo, suna ba da kuɗin ɗab'i su karɓi kwafi, masu shaguna suna ba da hayar littafi ga wanda ba ya iya saye. Ta haka littattafan suka bi motocin fatake suka iso Maraɗi da Ƙonni da Madawa, suka shiga ɗakunan mata da babu wata hukuma da ta taɓa kai musu takarda. Wasu malaman jami'a, irin su Ibrahim Malumfashi, suka kira abin adabin kasuwar Kano, suna nufin ba zai daɗe ba, wasu irin su Abdalla Uba Adamu suka tsaya masa, aka yi shekaru ana muhawara a shafukan jaridu. A 2012 aka buga fassarar Ingilishi ta littafin Balaraba, Alhaki Kuykuyo Ne, a ƙasar Indiya.

Masu sukar ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Littattafai da yawa sun fito cike da kurakuran rubutu, labari ɗaya ana ta juya shi da sababbin sunaye, ana raba shi kashi uku don a ci kuɗi sau uku. Inda abokai suka taru suna yaba wa juna kawai, rubutu ba ya gaba. Gidan Shehu sun fi su a nan, domin su suna gyara wa juna.

Amfanin haɗin kan ya sake fitowa a ranar tsanani. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, a 2008 kuma hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita shi kaɗai. Da ɗaiɗai suke, da kowa ya je ya sunkuya. Ƙungiyoyinsu suka haɗu suka ƙi, har hukumar ta zauna da su aka sasanta. A nan gida ma an ga irin haka wajen ƴan jarida: da aka kama Moussa Kaka a Satumban 2007, abokan aikinsa na ciki da waje ba su bar maganar ta kwanta ba har aka sake shi a Oktoban 2008, kuma fafutukarsu tana cikin abin da ya kawo dokar 2010 da ta cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida. Abin da aka samu kuwa yana iya kuɓucewa. A Janairun 2024 aka dakatar da Gidan Ƴan Jarida na Yamai, a Yunin wannan shekara kuma aka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifuffukan intanet. Wanda yake rubutu a Buza, nesa da lauya, nesa da rediyon duniya, idan wata rana alƙalaminsa ya taɓa wani mai ƙarfi, wa zai fara tambayar inda aka kai shi? Iyalinsa za su ji tsoro. Sai dai abokan sana'a, in yana da su.

To, da me za a fara a nan? Ba a buƙatar koya wa mutumin Adar gayya. Tun 1975 manoman kwarin Majiya suka dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tsakanin layi da layi mita ɗari, don su tare iskar da take kwashe musu ƙasa. Daga 1984 matan Keita suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako da tuddai da kowa ya yanke musu ƙauna. A Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, asusun da mata suke zubawa mako-mako su ranta wa juna, tsarin da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya daga baya. Abin mamaki shi ne waɗanda suka fi kowa karatu su ne suka kasa yin abin da iyayensu mata suke yi da akwatin ƙarfe da kwado uku.

Lissafin ba shi da wuya. Mutum ashirin daga gundumomin uku, kowa jika biyu a wata, jika arba'in ke nan, a shekara jika 480. Ba za a buga kundi mai bangon fata da wannan ba, amma ƙaramin littafi yana fita, na wannan bana, na wancan baɗi, ko kuma a haɗa gajerun labarai na mutum goma a bango ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne kada a buga rubutun kowa sai mutum biyu sun karanta shi da jan biro, an kuma karanta shi da ƙarfi a gaban jama'a, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake. A nan ne mutanen nan uku na farkon magana suke buƙatar juna. Mushe ya san ƙa'idar rubutu da tsarin littafi. Malamin zaure ya san karin waƙa da tsohuwar Hausar da mushe ya zubar a hanyar lise. Matar kuwa ta san abin da masu karatu suke so, domin ita ce take saye. Ta yiwu ba za ta iya zuwa zaman dare ba. Sai a yi na mata da rana, ko a aika mata da rubutun gida, kamar yadda jajis suke yi.

Alhazan albasa su ma da magana a kansu. Wanda ya san ajiye albasa a rudu har farashi ya tashi, ya san dillali a Akara da Abijan da Kwatano, ya fi kowane marubuci sanin yadda kaya suke isa hannun mai saye. A waɗannan birane akwai dubban ƴan Adar masu kewar gida. Kwali ɗaya na littafi a saman buhunan albasa ba zai ƙara wa mota nauyi ba. Ba sadaka ake roƙo ba, ciniki ne: a karɓi kaya, a sayar, a cire riba, a dawo da uwar kuɗi a kan lokaci. Wannan na ƙarshen shi ne inda amana take yawan karyewa. Ma'aikata kuma, musamman na fannin ilimi, suna da ɗakin taro da ba a amfani da shi ranar Asabar, suna da hanyar sa littafi ya shiga laburaren makaranta, sun san yadda ake rajistar ƙungiya da yadda ake kai rubutu ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kafin wani ya kwafe shi. Gidajen rediyon al'umma da suka yawaita tun shekarar 2000 kullum suna neman abin da za su cika shiri da shi. Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano ta rediyo waƙoƙin ƴaƴanta suka isa ga jama'a.

Akwai abubuwa biyu da suka kashe ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan tun zuwan jam'iyyu, kowa kuma ya san su. Na farko siyasa. Da zarar ɗan takara ya ba da kujeru da lasifika, gobe zai nemi a rubuta masa kirari, rabin ƴan ƙungiya su yi fushi su fita su kafa tasu, a wayi gari da shugabanni biyu da hatimi biyu babu littafi ko ɗaya. Kowa yana da ƴancin jam'iyyarsa, amma ya tuɓe ta a ƙofa tare da takalmi. Na biyu kuɗi. Ƙungiyar da aka kafa don jiran furoje, wadda aikinta na farko shi ne zaɓen shugaba da mataimaka huɗu da neman kuɗin zama, ta mutu tun ranar suna. Gara a ba wa mace ajiya, a ƙidaya kuɗin a gaban kowa a kowane zama, yadda matan asusu suke yi.

Akwai aiki ɗaya da ba ya jiran ko dala. Tsofaffin malaman yaƙi da jahilci na Madawa da Buza da Keita suna ƙarewa, kuma a gidajen wasunsu, cikin kwalla ko tsohuwar jaka, ba mamaki a tarar da kwafin Sabon Ra'ayi da gara ba ta gama da shi ba. Haka gafakokin malaman da suka rasu, waɗanda magada ba su iya karanta ajamin ciki. Kowane saurayi a wannan zaure yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. A raba unguwanni da ƙauyuka tun yau, a je da ladabi a nemi izinin masu gida, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan mai shi da garinsa, a mayar masa da takardarsa a hannu. Zama na gaba kowa ya zo da abin da ya samo, da shafi biyar na nasa rubutun, da jikarsa biyu.